Fulin rijiya yana rage nauyin guga, ko dai ido ne ke ruɗin mu?

Ɗan_Jega: Assalamu alaikum 'yan zaure. An kira ni jarrabawar gwajin ƙwarewa a wani kamfanin sarrafa shinkafa, ɓangaren masu kula da injuna, ranar Asabar ta sama. Wani da ya rubuta irinta bara ya ce min yawancin tambayoyin hotuna ne: fuli da igiya, giya mai haƙora, liba (sandar ɗaga kaya a kan madogara), baro da makamantansu. Ina cikin gwada tsoffin tambayoyi sai na haɗu da wata da ta hana ni sakat. An zana guga mai nauyin kilo 20, igiyarsa ta bi ta kan fuli guda ɗaya da aka ɗaure a sama, mutum na ja daga ƙasa. Wai ƙarfin kilo nawa zai sa? Ni 10 na zaɓa. Amsar da ke bayan takardar ta ce 20, wai fulin bai rage komai ba. To ni da jan ruwa na tashi. Rijiyar unguwarmu kafin a sa mata fuli da bayan an sa, ko yaro ya san da bambanci. Kuskuren bugawa ne, ko masu takardar ne ba su taɓa riƙe igiyar guga ba?

Kabawa_Asali: Wa alaikumus salam. Ina bayanka. In da ba ya rage nauyi, wa zai kai kuɗinsa wurin mai walda a yi masa ƙarfen rataye shi? Kuskure ne kawai.

Malam_Fiziks_BK: Ɗan_Jega, takardar ta yi daidai, kada ka canza mata amsa. Fuli guda ɗaya da aka kafe a sama aikinsa ɗaya ne, ya juya maka inda za ka ja. Da kana jawowa sama, yanzu kana jawowa ƙasa. Amma igiya ɗaya ce ke riƙe da gugan, kuma duk nauyin da ke wancan bakin nata shi ne a bakin da ke hannunka. Kilo 20 can, kilo 20 nan.

Sauƙin da kake ji kuma ba ƙarya ba ne, sai dai ba daga raguwar nauyi ya zo ba. Idan kana tsaye a bakin rijiya ka sunkuya kana jawowa sama, damatsanka da ƙashin bayanka ne kaɗai ke aikin. Idan kuwa ƙasa kake ja, nauyin jikinka ya shigo ya taya ka. Mutum mai kilo 60 ko lilo ya yi da igiyar, gugan kilo 20 zai taso. Ga abin da zai tabbatar maka: da fuli ɗaya na sama ba za ka taɓa ɗaga abin da ya fi ka nauyi ba, sai in an riƙe ƙafarka. Ɗaura buhu biyu na shinkafa ka ja, kai za ka hau igiyar, buhunan na zaune.

Kabawa_Asali: Malam, da girmanka, amma in abu ya yi sauƙi ai ya yi sauƙi. Mene ne bambancin "ya rage nauyi" da "jikinka ya taya ka"? Duk tafiyarsu ɗaya.

Malam_Fiziks_BK: A bakin rijiya tafiyarsu ɗaya. A ɗakin jarrabawa ɗaya maki ce, ɗaya sifili.

'Yar_Zuru: Akwai abin da maza ba ku ambata ba, don ba ku kuka fi jan ruwan ba. Ku duba bakin tsohuwar rijiya, ko ta siminti ce ko wadda aka gitta wa itace, za ku ga duk ya yi kwari-kwari. Igiya ce ta ci shi. Wanda ya gaji ba ya iya riƙe igiya a tsakiya, sai ya bar ta tana gugar baki, to ga nauyin ruwa ga kuma wannan gogayyar. Da an sa fuli gogayyar ta ragu sosai, igiya ma ta fi daɗewa ba ta tsinke ba. Ina ga rabin sauƙin daga nan yake.

Malam_Fiziks_BK: Madalla da ke, 'Yar_Zuru, wannan ma yana ciki. Yanzu bari in nuna inda kilo 10 ɗin Ɗan_Jega yake zama daidai, don na san can ya gano shi. Ka ɗaure bakin igiya ɗaya a ƙarfen sama, ka sako ta ƙasa ta zagaya ƙarƙashin wani fuli da ke manne da gugan kansa, sannan ta komo sama hannunka. Yanzu fulin yana tafiya tare da guga, kuma igiya biyu ke riƙe da shi. Ƙarfen sama ya ɗauki rabi, kai ka ɗauki rabi. Kilo 10 ke nan.

Amma ba kyauta ba ce. In zurfin rijiyar mita 15 ne, sai ka ja igiya mita 30 kafin guga ya iso. A lissafi, aiki shi ne ƙarfi sau nisa. Kilo 20 kusan newton 200 ne, newton shi ne ma'aunin ƙarfi. 200 sau 15 ya ba ka 3,000. 100 sau 30 shi ma 3,000. Abin da aka rage maka a ƙarfi ka biya shi a tsawon igiya. Duk tambayoyin da za su yi maka, ko na liba ne, ko na giya, ko na katakon loda kaya, wannan cinikin ne a ƙarƙashinsu.

Bakanike_Gusau: Wallahi haka yake. Cembulok, fulin nan mai sarƙa da muke ciro injin mota da shi a gareji, yaro ɗan shekara sha biyu zai iya ja. Amma zai ja sarƙa har ta taru a gabansa, injin bai taso kamu ɗaya ba. Sabbin yara har tambaya suke ko abin ya lalace.

Ɗan_Jega: Na gode Malam. To in an zana fuli huɗu ko biyar a haɗe fa? Fulin zan ƙirga?

Injiniya_Mafara: A'a ƙanena, nan ne ake faɗawa rami. Kada ka ƙirga fuli, ka ƙirga igiyoyin da ke riƙe da fulin da ke motsi tare da kaya. Sa yatsanka a kan kayan, ka duba igiya nawa suka tashi daga wurin zuwa sama. In huɗu ne, raba nauyin gida huɗu, kuma igiyar da za a ja ta ninka huɗu. Kilo 200 ya koma 50.

Tarkon yana kan igiyar ƙarshe, wadda ke hannun mutum. In ta sauko ne daga fulin sama mutum yana jan ta ƙasa, ba ta cikin lissafi, juya hanya kawai ta yi. In kuwa daga fulin kayan ta taso mutum yana jan ta sama, tana ciki. Masu tsara tambaya suna son wannan wurin ƙwarai, za su zana hoto biyu masu kama da juna su ce wanne ya fi sauƙi.

Kamfanoni da yawa a kan salon jarrabawar Bennett suke gina tasu. Tsohuwar jarrabawa ce ta Amurka tun 1940, hoto ne da zaɓi uku, kuma tsarinta da aka daɗe ana amfani da shi tambaya 68 ne cikin minti 30. Ka ga ko rabin minti ba ka da shi a kan kowace. Ba dogon lissafi suke nema ba, so suke su ga ko idonka ya san yadda abu ke motsi. Ban ce taku haka za ta zo ba, amma ka saba da sauri.

Manomin_Fadama: Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, ɗiyana na ka karanta min abin da kuka rubutawa, shi kuma ka rubuta nawa. Wagga magana ta tuna min jigo. Mu nan Argungu, kahin a zo da injin ban-ruwa, da shi munka tashi muna ban albasa da tattasai. Itace biyu za ka kahe, ka gitta guda bisa, ka ɗaure doguwar sanda. Gehe guda guga, gehe guda ka dunƙula laka babba ta bushe. Kai dai ƙasa kaka jan guga hal shi nutse, in ka saki lakar ta taso maka da shi cike. Tsohona shina wuni bisa jigo bai ce bayanai na ciwo ba. To Malam, shi wanga mi na sunanai ga lissahinku? Don na ga shi kam ragewa shika yi.

Malam_Fiziks_BK: Baba, barka da zuwa, ka kawo misalin da ya fi na littafi. Jigo liba ce cikakkiya, kuma tun zamanin Fir'aunoni ake ban-ruwa da irinsa a bakin Nilu. Ƙa'idar liba ita ce: nauyi sau nisansa daga madogara a wannan gefe, dole ya yi daidai da nauyi sau nisa a wancan gefe. Arkimidis, mutumin Girka da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara rubuta hujjarta.

Mu ce gefen guga mita 3 ne, gefen laka mita 1, guga cike kilo 15, mu ajiye nauyin sandar a gefe. Kafin laka ta tsayar da cikakken guga ita kaɗai sai ta kai kilo 45, don 15 sau 3 shi ne 45 sau 1. Amma mai hikima ba zai dunƙula ta kai haka ba, don sauke gugan zai zama wahala. In ya yi ta kilo 24, a bakin guga tana daidai da kilo 8. Wurin saukewa ya sa ƙarfin kilo 8 yana ɗaga laka, wurin tasowa ya sa kilo 7 kawai. Ka ga Baba, aikin bai ragu ba, an raba shi ne gida biyu, rabi a sauka rabi a hawa, kuma rabin saukar da nauyin jiki ake yin sa.

Manomin_Fadama: Awo, hakanan na. In laka ta yi yawa sai mu ɓanɓare ta kaɗan-kaɗan hal hannu shi ji daidai. Ashe lissahi muka yi ba mu sani ba.

Mai_Baro_Kasuwa: Ni abin da na sani a baro shi ne, kaya gaba ake turawa kusa da taya. Sabon shiga in ya jibge su wajen hannu, kafin ya kai bakin tasha kafaɗarsa ta sage.

Injiniya_Mafara: Ɗan_Jega, riƙe maganar Mai_Baro, tana fitowa kusan kullum. Za su zana baro biyu su ce wanne ya fi sauƙin ɗagawa. Taya ce madogara. Buhun siminti biyu kilo 100 ne. In tsakiyar nauyinsu na santimita 30 daga taya, hannunka kuma na santimita 120, abin da za ka ɗaga kilo 25 ne. Matsar da su zuwa santimita 60, ya koma 50. Kaya ɗaya, baro ɗaya.

Kuma ka san liba kashi uku ce, abin da ke tsakiya shi ke raba su. In madogara ce a tsakiya, kashi na farko: almakashi, filaya, jigon Baba, sikeli mai faranti biyu. In kaya ne a tsakiya, na biyu: baro, mabuɗin kwalba. In ƙarfinka ne a tsakiya, na uku: sandar fatsa, hantsaki, doguwar tsintsiya.

'Yar_Zuru: Na ukun nan ni ban ga amfaninsa ba. In ƙarfi yana kusa da madogara fiye da kaya, ai ƙara wahala aka yi.

Malam_Fiziks_BK: An ƙara, amma an sayi sauri da nisa. Hannunki ma haka aka halicce shi. Jijiyar damtse tana kama ƙashi kamar santimita 4 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana wajen santimita 32. Kafin ki riƙe kilo 5 a tafi, damtsen yana jan kusan kilo 40. Ribar ita ce, damtse ya ɗan motsa kaɗan, tafin hannu ya yi tafiya mai nisa cikin sauri. Shi ya sa ake iya jifa. Mai fatsa ya ɗan karkata hannu, ƙugiya ta yi tsalle daga ruwa.

Mai_Faci_Bunza: Mu in notin tayar babbar mota ya ƙi kwancewa, bututu muke zura wa sufana. Magana ta ƙare.

Bakanike_Gusau: Kwancewa dai, Mai_Faci. Matsalarku ku da bututun kuke ɗaurewa, har yaro ya hau kai yana tsalle. Rannan aka kawo min mota an tsinke mata kusoshin taya biyu saboda haka. Sufana mai santimita 30 in ka mayar da ita 90, ƙarfin juyin ya ninka uku, ƙarfen kuma bai san ka ƙara tsawo ba.

Mai_Faci_Bunza: Oga ba duka muka zama ɗaya ba.

Sarkin_Shakka: Ina ta karatu ban ce komai ba. Malam ya ce wai ba na'urar da ke ba ka fiye da abin da ka sa mata. To janareta marar mai fa? Na ga bidiyo a Facebook, wani yaro ya haɗa mota ta lantarki (injin juyi irin na fanka) da dainamo da bel da wani faifan ƙarfe mai nauyi, ya tayar da shi, ya cire waya, abin ya ci gaba da juyawa har yana kunna fanka da ƙwan fitila. Wannan kuma fa? Ko don ɗan talaka ne ya ƙera shi ya sa ba za a yarda ba?

Injiniya_Mafara: Ba zancen talaka ba ne. Nemi batirin, yana nan a ɓoye. Mota tana cinye wuta ta juya dainamo, dainamo ya ba da wuta ƙasa da wadda motar ta ci, saboda bel ya yi zafi, boris ya yi zafi, waya ta yi zafi. Duk zagaye ɗaya ana asara. Faifan mai nauyi ajiya kawai yake yi, zai ja lokaci kafin ya tsaya, amma zai tsaya. Ka ce mai shi ya bar shi yana aiki daga Azahar zuwa Isha a gabanka, ka ga ko zai yarda.

Sarkin_Shakka: Haka dai kuke kashe wa yara gwiwa. Su ma Turawan da gwaji suka fara.

Injiniya_Mafara: Yaron da ya iya haɗa wannan yana da hannu, ni zan ɗauke shi aiki gobe. Abin da ba na so shi ne a karɓi kuɗin mutane a kan abin da ba zai yi ba. Na san wanda ya sayar da tumakinsa ya saya, yau shekara guda abin na zaure kaji na kwana a kai.

Mai_Zaure: Jama'a, yaro na da jarrabawa ranar Asabar. Zancen janareta a buɗe masa nasa wurin.

Malam_Fiziks_BK: Kafin a rufe, akwai abin ɗauka a ciki. In tambaya ta ce wace na'ura ce ke mayar da duk aikin da aka sa mata, ɗari bisa ɗari, amsar ita ce babu. In kuma ba su ambaci gogayya ba, ka yi lissafinka kamar babu ita. In sun ce "a zahiri", to ƙarfin da ake bukata ya ɗan fi na lissafi.

Ɗiyar_Kaura: Ni ma ina shirin irin wannan jarrabawar, na gama kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Kaura Namoda, amma ɓangaren lantarki na yi, giya na ba ni wahala. Ga wata: giya uku a jere, ta farko haƙori 10, ta tsakiya 25, ta ƙarshe 30. Ta farko ta juya sau 60 ta hannun dama. Ta ƙarshe sau nawa, kuma ta wane gefe?

Bakanike_Gusau: Sau 20, ta hannun dama. Ta tsakiyar ki manta da haƙoranta, an sa su ne don a ruɗa ki. Duk haƙori ɗaya da ta karɓa daga ta farko, ɗaya take miƙa wa ta ƙarshe. 60 sau 10 haƙori 600 ke nan suka wuce, raba da 30. Aikinta kawai ta juya gefen. Giya biyu da suka ciji juna saɓanin juna suke juyawa, don haka ta 1 da ta 3 da ta 5 gefensu ɗaya, ta 2 da ta 4 gefensu ɗaya.

Ɗiyar_Kaura: Na gode Oga. In da sarƙa aka haɗa su fa, irin ta keke?

Bakanike_Gusau: Gefe ɗaya. Bel ma haka, sai fa in an murɗa shi ya gitta a tsakiya, to nan ya juya. Sauri kuma ƙaramar ce kullum ta fi gudu, babbar ta fi ƙarfi. Je wurin mai injin niƙa ki tsaya ki kalla: fulin jikin injin ƙarami, na wajen niƙan babba. In ƙaramin faɗinsa santimita 10 ne babban 30, injin ya juya 3,000 a minti, niƙan 1,000 zai yi amma da ƙarfi ninki uku. Direban tirela ma da ya ga hawa giya ɗaya yake komawa, tana tafiya kamar ba za ta kai ba, amma ta kai.

Mai_Baro_Kasuwa: Katakon da ake loda duro ko babur a mota shi ma yana ciki?

Injiniya_Mafara: Sosai. Raba tsawon katakon da tsayin motar. Duro mai kilo 100, bayan mota mita 1 daga ƙasa, katako mita 4: ƙarfin kilo 25 zai gangara da shi sama. Katako mita 2, kilo 50. Dogon ya fi sauƙi, gajeren ya fi kusa. Zaren da ke jikin noti ma gangare ne aka naɗe, shi ya sa jak mai murɗawa kake ta juya shi mota na tasowa da kaɗan-kaɗan. Bakin gatari kuma gangare biyu ne baya da baya.

Ɗan_Jega: Wani abu kuma, wasu tambayoyin da newton suke zuwa ba kilo ba. Sai in rasa inda zan kama.

Malam_Fiziks_BK: Ninka kilo da 10. Ainihin adadin 9.8 ne, amma a irin wannan jarrabawar 10 ake ɗauka sai in sun faɗi wani. Kilo yawan abin da ke jikin kaya yake aunawa, newton kuma ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi. Buhun kilo 50 ko a duniyar wata kilo 50 ne, amma jan da ake yi masa can kashi ɗaya cikin shida ne na nan.

Wata da suke so: dutse babba da ƙarami an sake su tare, wanne zai riga isa ƙasa? Tare za su isa, in ba iska ta shiga tsakani ba. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka faɗi lokaci ɗaya.

Sarkin_Shakka: To fa. Janaretan yaro ƙarya ne, amma zuwa wata gaskiya ne.

Mai_Zaure: Sarkin_Shakka, don Allah.

Malam_Fiziks_BK: Ba sai ka je wata ba. Hau kan soro da rabin bulo da ƙaramin dutse ka sake su tare, ka sa wani ya saurara a ƙasa, nesa kaɗan.

Injiniya_Mafara: Ku ƙara da matsin ruwa, don ba a rasa tambaya ɗaya ko biyu a kansa. Zurfi ne ke kawo matsi, ba faɗi ba. Tanki mai huda uku, ta ƙasa ce za ta fi feshi da nisa in tankin na kan tudu. Duk wanda ya taɓa zuwa madatsar Bakolori nan kusa da mu, wadda aka kammala a 1978, ya ga yadda gindinta ya fi samanta kauri nesa ba kusa ba. Dalilin ke nan. Jak mai mai kuma, in fistin babba ya ninka ƙarami sau 20 a fili, ƙarfinka ya ninka 20. Amma ku kula, in faɗin da'irar suka ba ku ba filin ba, sai kun ninka shi da kansa. Faɗi ninki uku, ƙarfi ninki tara.

Direban_Aliero: Ni tawa gudummawar: in sun zana mota biyu a kwana, ɗaya an yi mata lodi ya yi tsiri, ɗaya lodin ya kwanta, mai tsirin ce za ta kife. Lokacin albasa muna ganin haka a hanya. Mai kaya yana so a ƙara buhu sama, shi ba ya cikin motar.

Kabawa_Asali: To na dawo. Jiya da yamma na aro sikelin ratayawa wurin mai sayar da kifi, na tafi rijiyar masallacinmu. Na rataye guga cike kai tsaye, ya nuna 18. Na ɗaura sikelin a bakin igiya ta kan fuli na ja, a tsaye yana nuna kusan 18 ɗin, da na fara ja sai ya haura 20. Wato Malam, a wurin sikeli fulin ma ƙara min ya yi. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakata, don na ja da fuli na ja babu fuli, kuma jikina ya gaya min wanda ya fi. Sikeli ba shi da ƙashin baya.

Malam_Fiziks_BK: Ƙarin da ka gani gogayyar sandar fulin ce, da ɗan fizgar da kake yi a farkon ja. A ɗiga masa baƙin mai, za ka ga ya sauko.

'Yar_Zuru: Ni ina ganin tambayar ce ma ba ta yi adalci ba. Da "wanne ya fi sauƙi" suka ce, da Kabawa ya ci. Sun ce "ƙarfin nawa", shi ya sa.

Injiniya_Mafara: Suna yin ta haka ma, kuma a nan sai an yi hattara. In hoto biyu ne, ɗaya mutum na jawo kaya sama da igiya, ɗaya ta kan fuli ɗaya na sama, aka ce wa ya fi sa ƙarfi, zaɓi na uku "daidai suke" shi ne amsa. Ban cika son tambayar ba, amma haka suke makinta.

Manomin_Fadama: Ku dai ba ku ga rijiya mai zurhi ba. Can arewa wajen iyaka, raƙumi ko jaki aka ɗaura ma igiya, yaro shi kora shi shi yi nisa, guga shi taso. In babu abin nan bisa, ƙaƙa raƙumi za shi ja? Sama za shi tashi? To ko bai rage komi ba, shi ab babba.

Taimako_Gaggawa: Masu jarrabawar Asabar, akwai tambayoyi da amsoshi na asali daga ciki. A yi min magana ta sirri, farashi mai sauƙi.

Mai_Zaure: Na cire wannan daga zaure. Kada wanda ya tura masa ko sisi.

Ɗiyar_Kaura: Ga ta ƙarshe kafin caji na ya ƙare, na turo hoton. Fuli huɗu ne. A da B bel miƙaƙƙe, B da C a kan sanda ɗaya suke, C da D bel ya gitta. A na juyawa dama. D fa?

Bakanike_Gusau: Hagu. B dama, C dole ta bi B tunda sandarsu ɗaya, gittawar ta juya D.

Mai_Faci_Bunza: Oga duba da kyau, ni ina ganin bel ɗin A da B ma a gitte yake. In haka ne D dama za ta yi.

Bakanike_Gusau: Ninkin takarda ne kake gani, ba bel ba.

Mai_Faci_Bunza: Ƙanwata sake ɗauko hoton a wurin haske, ki miƙe takardar.